Akuyar da na kashe da kwalbar lemo

Ƙannena masu sha'awar kiwo ku zo ku ji ɓarnar da na yi da hannuna, ko wani zai tsallake.

Hunturun da na fara kiwo awaki 7 gare ni, na je kasuwar Maigatari ranar Alhamis na ƙaro wata ja mai kyau, ina dawowa na ɗaure ta a cikin sauran ko tunanin komai ban yi ba. Kamar kwana 5 sai ga majina, ido duk kwantsa, baki ya yi gyambo, zawo kuwa ba a magana. Annobar nan ce da likitocin dabbobi ke kira PPR, amma a lokacin ina na sani.

Sabuwar ta mutu, wani ɗan ƙarami ya bi ta, daga nan hankalina ya bar jikina. Wanda bai yi kiwo ba ba zai gane tsoron mushe ba wallahi, wuƙa da tocila a ƙarƙashin filo nake kwana, akuya ta yi tari sau ɗaya na zabura waje ba takalmi cikin wannan sanyin, kwana 3 ban runtsa ba. Kuma mutumin da bai yi barci ba duk abin da aka faɗa masa ɗauka yake. Wannan ya ce jiƙon kanwa, wancan ya ce maɗaci, na je kemis na haɗo maganin tsutsa har da kafso na mutane, duk na dama a kwalbar lemo.

Akwai wata mai ciki da na fi so, tana kwance ko kai ba ta iya ɗagawa. Na sa gwiwa na danne ta, na ɗaga bakinta sama na dinga ɗura. Ta ƙware, ruwan na fitowa ta hanci, Inna daga bakin ƙofa tana cewa kai yaro sassauta mana, ni kuwa gani nake in kwalbar ba ta ƙare ba mutuwa za ta yi. Kafin asuba ta tafi, ko yankan ban samu ba. Da malamin dabbobi ya zo daga baya na ba shi labari sai ya girgiza kai ya ce ai a huhu ka zuba mata.

Gari na wayewa na kira mahauci na ba shi 3 a kuɗin da har yau kunyar faɗa nake. Biyun da suka rage Inna ce ta ce ba mai taɓa su. Ta kai su bayan rumbu inda ba iska, tana goge musu hanci da tsumma da ruwan ɗumi, ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan ta gefen baki, kunun dusa mai ruwa-ruwa tunda bakin ba ya iya harawa. Duka biyun sun tashi.

Yanzu in na ga akuya ta yi laushi kuma gabana ya fara faɗuwa, hannuna nake mayarwa baya in tsaya in kalla tukuna. Tana tuƙa ko ta daina? In ja fatar idon ƙasa, in ta yi fari fat galibi tsutsar ciki ce ta shanye jini, musamman da damina. In sa ma'aunin zafi, mai lafiya tana wajen digiri 39, in ya haura 40 zazzaɓi ne. Sai in ware ta in kira malamin in faɗa masa abin da na gani, ba a ce masa kawai akuyata za ta mutu ba. Inda ba na jira shi ne in gefen hagu ya kumbura tam kamar ganga tana nishi, wannan minti ma tsada gare shi, a take nake kira.

Ita PPR ba allurar da ke kashe ta, wadda ake yi don ciwon huhun da ke biyo baya ne. Rigakafin da ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, jihar Filato, shi ne magana, sau ɗaya yana kai su shekara 3, kuma duk wadda na sayo a kasuwa sai ta yi sati 3 a turkenta ita kaɗai ko da kuwa ƙiba take kamar me.

Tsaron dare ma mun raba da ƙanena, shi zuwa ƙarfe 1 ni daga nan zuwa asuba. Wuƙar tana nan, amma a ɗakin Inna take kwana.