Ka dan tsaya kafin ka danna tura

Ni dai a ganina abin da ya fi lalata wa mutane rayuwa shi ne rashin dan tsayawa su yi tunani kafin su motsa. Za ka ga mutum da digiri biyu, in yana bayani har sai ka rike baki, amma da an turo masa sako a WhatsApp cewa wane ya ce kaza a kansa, kafin ma ya gama karantawa ya kira ya zazzaga masa zagi, zumuncin shekara da shekaru ya ruguje, daga baya kuma a gano ai maganar ba haka aka fade ta ba.

Alhali an riga an gargade mu wallahi. Aya ta 6 a Suratul Hujurat cewa ta yi in fasiki ya zo muku da labari ku bincika, kar ku cutar da wasu cikin rashin sani ku wayi gari kuna nadama. Annabi (SAW) kuma ya ce mai karfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Ko Lukman da Allah ya ba hikima, dubi nasihar da ya yi wa dansa mana, kar ka yi wa mutane girman kai, ka tsakaita tafiyarka, ka sassauta muryarka.

Matasa na fi tausayawa gaskiya. Masana kwakwalwa sun ce bangarenta na gaba, wanda ke auna sakamakon abu kafin a aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, sai ga shi mun mika wa dan shekara 15 wayar da zai iya tozarta kansa da ita a gaban dubban mutane cikin dakika biyu. Da can in an bata maka rai sai ka tashi ka je wurin mutum, kafin ka isa zuciya ta dan huce, watakila ma ka hadu da wani babba a hanya ya ce maka haba, koma gida. Yanzu wannan tazarar babu ita, sai dai mutum ya kirkiro ta da kansa.

Kuma kar a dauka ina nufin a rika shiru kullum, a'a. Wani lokacin in ka zauna ka auna, hankalin ne zai ce maka tashi ka je ka fada masa gaskiya ido da ido, ko da kuwa zai ji haushinka.