Akuyar da igiya ta shaƙe

Da hantsin nan a unguwarmu ta Mabera igiya ta shaƙe wata akuya, ta mutu kafin a kawo wuƙa. Wani matashi ya ce a kai wa maƙwabcinmu Kirista. Maƙwabcin, wanda dattijo ne, ya girgiza kai, ya ce: "Ɗana, mu ma an hana mu."

Kuma yana da hujja, wadda tushenta ke cikin shari'ar Yahudawa. A wajen Yahudawa, alkawarin da Allah ya yi da Ibrahim alamarsa kaciya ce a rana ta 8 da haihuwa, sannan aka ba Musa shari'a a Dutsen Sina'i. Malamansu sun ƙirga dokoki 613, umarni 248, hani 365. Ciki har da hutun ranar Asabar, da haramcin jini, da yanka da wuƙa marar ko tsaguwa ɗaya. Kirista kuwa sun ce an ƙulla sabon alkawari ta wurin Yesu Almasihu, sai gardama ta tashi: wanda ba Bayahude ba, dole ne ya ɗauki shari'ar Musa duka? Manzannin Yesu, wato almajiransa, suka zauna a Urushalima wajen shekara ta 50, suka ɗauke masa kaciya, amma suka bar abu huɗu: abin da aka yanka wa gumaka, jini, shaƙaƙƙiyar dabba, da fasikanci. Yana nan a Littafi Mai Tsarki na Kirista, Ayyukan Manzanni sura 15. Cocin Habasha har yau tana riƙe da dokokin abinci gam, wasu coci-coci kuwa sun sassauta. Da yawanmu muna yanke hukunci kan addinin maƙwabta ba tare da mun taɓa tambayarsu ba.