Ƙaton kafireton da ya cinye mini wata uku

Har yau in na ɗaga ido na ga kafireton nan, wato na'urar da ke haɗa wa inji iska da fetur, a kan kanta sai raina ya sosu. Motata tsohuwar akori-kura ce, Ford F-100 ta 1972, da injinta na asali mai silinda shida a jere, lita 4.9. Na ƙudura ba zan sauke shi ba. Abin da nake so kawai ta daina nishi a hawan tudu in an yi mata lodi.

Wasa bawul da sauya gaskit sun tafi lafiya, ba sai na ɓata bakina ba. Inda na tafka kuskure, na cire ɗan kafiretonta mai maƙogwaro ɗaya na ɗora mai huɗu, na kuma sa kamshaf (sandar da ke buɗe bawul da rufe su) mai daɗewa bai rufe bawul ba. A lissafina, iska da fetur in sun yi yawa, ƙarfi ya samu.

Ina! Ƙara kam ta yi, har da gurnani. Amma da na taka totur daga tsaye sai ta shaƙe kamar za ta mutu. Na kwance fulogi, baƙi ƙirin, har yana shafa mini gawayi a yatsa. Ashe idan inji na juyawa a hankali, iska ba ta gudu a faffaɗan maƙogwaro, fetur ba ya tarwatsewa yadda ya kamata. Ƙarfin da na saya yana can sama da juyi 4,000 a minti, ni kuwa motata tsakanin 1,500 da 2,500 take rayuwa. Ƙarfin ja nake nema, na je na sayo na tsere.

Wata uku ina sauya jet, wato ƙananan ƙofofin fetur na cikin kafireto, ina zargin komai ban da kaina. Ran da na haska fitilar tayimin, mai nuna lokacin da fulogi ke ba da tartsatsi, na ba motar wuta, sai na ga alamar tayimin ɗin da ke jikin inji da kyar take motsawa. Na buɗe distiributa, mai raba wa fulogi wuta: 'yan ƙarafan nan biyu na ƙasa, masu gaggauta tartsatsi idan juyi ya ƙaru, tsatsa ta kame su ƙam. Abin takaicin, wannan distiributa na riƙe shi da hannuna lokacin sa kamshaf, ko leƙa cikinsa ban yi ba.

Na wanke su, na ɗiga mai, na mayar da kamshaf da kafireto na asali. Tudun da a da sai da giya biyu, yanzu da uku take haye shi, lodi a baya.

Duk mai irin wannan inji, don Allah ya auna matsin silinda, ya duba tayimin a juyi daban-daban kafin ya sayi ko ƙusa ɗaya. Kafireton kuwa sau biyu ana taya shi ina hanawa, yana nan a kan kanta yana shan ƙura.