Ranar da na bi kifi mai mashi a tekun Dakar

Ni ɗan Damagaram ne, iyakar sanina da kamun kifi shi ne tarwaɗar tabki. Aiki ya kai ni Dakar, kuma a watan Agusta wani abokin aikina ya ja ni teku.

Makon farko mun tsaya kusa da gaɓa, tsakanin tsibirin Ngor da duwatsun Almadies. Ni burina cof, kifin nan da mutanen Senegal ke ji da shi a shinkafarsu. Muka wuni babu ko ɗaya. Mai jirgin, wani dattijo ɗan ƙabilar Lebu, ya ce na makara. Cof kifin sanyi ne, yana yawaita daga Disamba zuwa Mayu, lokacin da iskar arewa ke taso da ruwan ƙasan teku mai sanyi. Da damina ruwan kan yi ɗumi har wajen digiri 27, sai ya yi wuyar samu. Ƙananan kifayen da muka samu ma da sassafe ne, ruwa na cikowa. Rana na ɗagawa komai ya yi tsit.

Ɗumin da ya kore cof shi ke jawo manyan baƙi can nesa. Asabar ta biyu muka fita bayan asuba, muka yi ta tafiya har ruwan ya juye daga kore zuwa shuɗi kamar baba. Dattijon bai damu da na'ura ba, tsuntsaye yake kallo. Inda suke faɗawa ruwa, nan ƙananan kifi suke, manya kuma na ƙarƙashinsu. Muka saƙala yaboi, wani ƙaramin kifi, a ƙugiya muna ja a hankali.

Wajen hantsi wani babba ya ci ƙugiyata. Kifi ne mai dogon baki kamar mashi, da wani faffaɗan fiffike a gadon baya. Ya yi tsalle sama da ruwa, jikinsa na walƙiya, gabana ya faɗi. Nan na yi kuskure: na danne zaren da ƙarfi don kada ya tsere, zaren kuwa ya tsinke. Dattijon ya ce, "Ɗana, ba da ƙarfi ake yi ba. Bar shi ya gudu ya gaji, sannan ka naɗe." Har yanzu abin na ci mini rai, domin ya tafi da ƙugiya a baki.

Na biyun abokina ne ya kama, bayan kusan rabin awa yana fama. Muka cire ƙugiyar muka sake shi, na kuma ji daɗin hakan fiye da yadda na zata.

Da azahar hadari ya haɗo daga gabas. Ni ina roƙon a ƙara awa ɗaya, dattijon kuwa har ya juya kan jirgi. Muna shiga Ngor iska ta taso.