Duba majinyaci daga kai har tafin ƙafa

A shekarun da na yi ina aikin jinya a ɗakin kwanciya na manya, abin da na fi nanata wa ɗalibai shi ne kada su ɗauki awon zafin jiki da na hawan jini a matsayin cikakken duba majinyaci. Duban da ake nufi yana farawa daga kai ya ƙare a tafin ƙafa, kuma da ido da kunne da hannu ake yin sa.

Da gaisuwa nake farawa, domin a cikinta ake gane hankalin mutum. Idan na ce, "Sannu Baba, yaya jiki?" amsar kusan kullum ita ce "da sauƙi", ko da kuwa ciwo ya hana shi barci, don haka sai na ƙara tambayarsa sunansa da inda yake da abin da ya ci, ina lura da yadda maganar take fita da ko bakinsa ya karkace. Wanda hankalinsa ya gushe kuwa ana auna shi da ma'aunin Glasgow, wanda wasu likitoci biyu, Teasdale da Jennett, suka fitar a 1974, mai maki daga 3 zuwa 15. Daga nan sai a haska ƙwayar ido da tocila, a duba harshe da dasashi da cikin fatar ido.

A nan ne ya kamata ma'aikacin jinya ya yi hattara, saboda yawancin littattafan da muka karanta da farar fata suka kwatanta alamomin ciwo. A jikin baƙar fata, ƙarancin jini a cikin fatar ido da harshe da tafin hannu yake bayyana. Akan duba farce ma, amma ƙunshin lalle yakan rufe launinsa, sai a nemi wani wurin. Hatta na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin, wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya nuna cewa takan ba da adadin da ya zarce na gaskiya a jikin baƙaƙen fata. Saboda haka idan na'ura ta nuna kashi 96 cikin ɗari, wato adadin mai lafiya, amma mutum yana haki, ni mutumin nake gaskatawa.

Ƙirga numfashi shi ne awon da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali sau da yawa shi ne yake fara canzawa idan jiki zai rikice. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, bugun jininsa kuma 60 zuwa 100. Ina ƙirga numfashin ne minti guda cur yatsuna na kan wuyan hannunsa kamar bugun jini nake aunawa, domin da zarar ya san ana ƙirgawa sai ya sauya salonsa. Ƙirji ana saurarensa ta gaba da ta baya. Ciki kuma ana kallonsa a saurare shi kafin a taɓa, saboda dannawa tana iya canza motsin hanji. Sai a tambayi bayan gida da fitsari, a duba robar fitsari da wurin allurar ƙarin ruwa ko ya kumbura.

Abin da ya fi damuna shi ne baya da ƙugu da diddige, wuraren da zane yake rufewa kuma kunya take karewa. Tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye ba za ta ce ƙugunta yana zafi ba, ɗiyarta mai jinya ma takan ji nauyin buɗe ta. Gyambon kwanciya kuwa a nan yake farawa, kuma a baƙar fata ba ja yake yi ba: wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ya yi ɗumi ko tauri, wanda sai an sa hannu ake ganewa. Nakan ja labule, in nemi izini da cewa, "Mama, zan juya ki in duba bayanki," in buɗe sashe ɗaya in rufe kafin in buɗe wani. Idan mace ta fi son mace ta duba ta, haƙƙinta ne a nemo mata. Idan na ga tabon tsaga ko na ƙaho, nakan tambayi maganin gargajiyar da aka sha ba tare da faɗa ba, domin faɗa ne yake sa a ɓoye, likita kuma yana buƙatar sanin abin da ya shiga jiki.

A ƙafa ana danna ƙauri da idon sawu don a ga kumburi, a ji ɗuminta da bugun jijiyarta, a kwatanta dama da hagu. Mai ciwon suga dole ne a buɗe tsakanin yatsunsa, domin ƙaya tana iya huda shi bai ji ba. Duk abin da aka gani a rubuta shi nan take tare da lokacinsa, abin da ya bambanta da na jiya kuma a sanar da likita kafin a miƙa aiki ga wanda zai karɓa.