Duba Wayarin Gida Kafin Saye: Abin da Ya Kamata Ya Shiga Rahoto

A garuruwanmu mutum yakan kashe miliyoyin naira wajen sayen gida, ya sa lauya ya bi takardun fili ɗaya bayan ɗaya, ya kawo magini ya ƙwanƙwasa bango ya leƙa rufi, amma idan aka zo kan lantarki sai ya danna makunni, ƙwan fitila ya kama, ya ce komai lafiya lau. Kamawar fitila tana nuna cewa wuta na isowa wurin ne kawai. Ba ta faɗin irin wayar da ta biyo, balle inda za ta bi ranar da wani abu ya lalace. Shi ya sa duk lokacin da aka kira ni duba wayarin gida kafin a saya ko a kama haya, nake dagewa sai na ba da rahoto a rubuce, kuma abin da nake fara nema shi ne soket ɗin da ba shi da atin, wato wayar kariya da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa.

Soket ɗin da aka fi amfani da shi a Nijeriya mai rami uku ne irin na Ingila, wanda aka fito da shi a 1947, yana ɗaukar amfiya 13, wutarmu kuma tana zuwa da ƙarfin bolt 230. Ramuka biyu na ƙasa su ne layif mai kawo wuta da nutural mai mayar da ita, na saman kuwa na atin ne, wato wayar da ke haɗe da sandar ƙarfe da aka kafa a cikin ƙasa. Idan rufin wata waya a cikin firiji ko dutsen guga ya goge har layif ta taɓa jikin ƙarfen, atin ce ke ba wutar hanyar wucewa domin na'urar kariya ta katse layin. Idan babu ita, firijin zai ci gaba da sanyaya ruwa kamar ba abin da ya faru, alhali jikinsa na ɗauke da wuta, har sai yaro ko uwargida ta taɓa shi ba takalmi a kan siminti mai laima. Wutar da ta haura miliamfiya 30 tana iya rikita bugun zuciya, kuma wannan bai kai ko kusa da abin da fanka ɗaya ke ja ba.

Abin da ke damuna da irin wannan soket shi ne ba ya nuna kansa. Sai na kwance sukurori biyun da ke fuskarsa na jawo shi waje nake tarar da wayoyi biyu kacal, sukurun atin yana sheƙi, ba a taɓa ɗaura masa komai ba. Wani lokaci akan samu koriyar waya a ɗaure, amma idan aka ja ta sai ta biyo hannu, tsawonta bai wuce taƙi guda ba, an cusa ta ne kawai a bakin bututu. Mafi muni shi ne a tarar an ɗauki guntuwar waya an haɗa atin da nutural a bayan soket ɗin. Ƙaramar na'urar gwaji da ake sokawa za ta nuna cewa komai daidai ne, amma ranar da nutural ta tsinke a hanya, ko wani ya juya layif da nutural wajen haɗa janareta, jikin duk abin da aka jona a wurin zai ɗauki wuta. A rahotona wannan ba ya shiga sahun gyaran da za a jira. Nakan rubuta cewa a daina amfani da soket ɗin daga ranar.

Ita kanta sandar atin tana bukatar awo, ganinta da ido bai isa ba. A ƙasar Arewa, inda ake shafe watanni ba ruwan sama, ƙasa takan bushe ƙarau, sandar da ta yi aiki sosai da damina sai ta zama ba ta tsinana komai da rani. Masu aiki da yawa sukan zuba gishiri da gawayi a ramin domin su taimaka mata, kuma hakan yana aiki na wani lokaci, sai dai gishirin yana cin ƙarfen da maɗaurinsa a hankali. Saboda haka nake rubuta adadin da na'ura ta nuna tare da watan da na yi awon. Nakan kuma bayyana cewa sanda ita kaɗai sau da yawa ba ta barin wutar da za ta kai ta ƙona fis ta wuce, don haka gidan yana bukatar na'urar nan mai katse wuta da zarar ta ji yoyo na miliamfiya 30, wadda ake kira RCD, musamman a layin banɗaki, kicin da injin jawo ruwa.

Game da tsohuwar waya kuwa, akwai bukatar adalci. Tsufa shi kaɗai ba laifi ba ne, kuma ganin waya ja da baƙa da kore, maimakon ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin rawaya da ake yi yanzu, bai isa a ce a tone gida ba. Abin da nake dubawa shi ne halin da rufin wayar yake ciki da nauyin da aka ɗora mata. A tsofaffin gidajen gwamnati da na ma'aikatan jirgin ƙasa da aka gina tun zamanin Turawa, har yanzu ana cin karo da waya mai rufin roba da zare, wadda aka daina yayinta tun wajen shekarun 1960 da rufin filastik na PVC ya maye gurbinta. Zafin cikin silin ya gasa ta shekara da shekaru, idan aka lanƙwasa ta sai rufin ya marmashe kamar busasshiyar kuka, tagullar ta fito tsirara kusa da katakon rufi. Irin wannan ba ta gyaruwa, sai dai a sake ta gaba ɗaya.

Gidajen da aka gina a shekarun 1970, lokacin da aka kafa NEPA, matsalarsu daban ce. An yi musu wayarin ne domin fitilu da fanka da rediyo, yau kuma an rataya musu na'urar sanyaya ɗaki, firiza, hita da injin ruwa. Waya mai kauri murabba'in milimita 1.5 ta fitila ce, soket na bukatar 2.5, manyan kaya kuma 4 ko 6 a kan layinsu na kansu. Da fis ya yi ta ƙonewa saboda nauyi, sai wani ya cire siririyar wayarsa ya naɗa tagulla mai kauri, daga nan wayar cikin bango ce za ta riƙa ɗaukar zafin. Baƙin tabo a fuskar soket da ƙaurin roba su ne shaidarsa. Sabon gini ma bai tsira ba, domin akwai jabun waya a kasuwa, alminiyam ce aka shafa mata tagulla a sama, da an kankare ta da wuƙa sai farin ya bayyana.

Wajen rubuta rahoton ne masu dubawa da yawa suke sassautawa. A rubuta cewa wayarin ya tsufa kuma yana bukatar kulawa bai amfani mai saye da komai ba. Kowace matsala tana bukatar a faɗi ɗakin da take, abin da aka gani ko aka auna, haɗarin da ke cikinta a harshen da wanda bai san lantarki ba zai gane, da kuma gaggawar gyaranta, tare da hoto. Tsarin da ake bi a Ingila ya burge ni a nan: suna raba abin da aka gano zuwa haɗarin da yake nan yanzu, da wanda zai iya zama haɗari, da wanda inganta shi kawai ake ba da shawara, kuma tun 2020 doka ta wajabta wa masu gidajen haya a can su sa a duba wayarinsu aƙalla duk shekara 5. Wajibi ne kuma a rubuta abin da ba a duba ba. Idan babu wuta ranar da na je, ko ɗaki yana kulle, ko silin ba shi da ƙofar shiga, sai na faɗa ƙarara, domin kada shiruna ya zama kamar shaidar lafiya.

Dillali yakan ja ni gefe ya ce, "Malam, a yi haƙuri a sassauta, kada ciniki ya watse, mutane sun shekara talatin a gidan nan ba abin da ya same su." Na fahimci cewa abincinsa yake karewa, amma wanda zai kwana a gidan da iyalinsa shi ne ya ba ni amana. Kuma gaskiyar rahoto ba ta cika kashe ciniki ba. Yawanci tana sa a rage kuɗin gyaran daga farashi ne, ko mai gida ya gyara kafin a biya. Don kada a zargi cewa ina zuzuta matsala ne domin in samu kwangila, ba na karɓar gyaran gidan da na duba. Nakan shawarci mai saye ya nemi ma'aikacin da ke da takardar shaidar NEMSA, hukumar da doka ta ɗora wa duba ayyukan lantarki a Nijeriya, sannan bayan an gama a sake auna atin ɗin kowane soket a gabansa kafin ya kwaso kayansa.