Kafin ku buɗe ajin manya a unguwarku, ku tambayi kanku me za su karanta

Duk lokacin da matasan unguwa suka haɗu suka ce za su buɗe ajin yaƙi da jahilci, lissafin farko kusan ɗaya ne, allo, alli, benci, littafin rubutu da fensir. A je wajen mai unguwa a yi masa bayani, a leƙa gidan kansila ko zai ɗan taɓa wani abu, a roƙi hedimasta ya ba da aron aji ɗaya bayan la'asar. Kuma gaskiya waɗannan ba su cika gagara ba, mutanenmu ba sa ƙin taimaka wa harkar ilimi. Satin farko aji ya cika maƙil har da masu leƙe ta taga, kowa na cewa ai gemu ba ya hana ilimi. To bari damina ta faɗi ko azumi ya zagayo, sai ka ga saura 'yan tsiraru, malamin ma ya fara zuwa yau gobe babu shi.

Ina cikin masu ɗan ba da lokacinsu a irin wannan aji a unguwarmu, kuma abin da na gani shi ne ba rashin alli ke kashe aji ba. Magidanci mai iyali ya rufe shagonsa ya zo ya zauna, ka sa shi yana maimaita ba bi bu be bo wata da watanni, ya koma gida babu ko takarda ɗaya da zai gwada abin da ya koya a kanta, kuma bai ga inda karatun ya taɓa cinikinsa ba. Me zai dawo da shi? Yaro ne da za a kora shi makaranta da bulala? Shi lissafi yake yi, awa biyun nan da ya yi a aji da a shago ya yi su nawa zai samu.

Abin da ke ba ni mamaki, na gabanmu sun gane wannan tun tuni. A shekarun 1950 da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauko gangamin Yaƙi da Jahilci, ba buɗe azuzuwa kawai aka yi a ƙauyuka aka tafi ba, sai da aka kafa hukuma sukutum a Zariya, wato NORLA, aikinta ta samar wa sababbin masu karatu abin karantawa. Ƙananan littattafai masu araha, da jaridu na larduna, Kano na da Sodangi, Katsina na da Himma, Sakkwato na da Zaruma, Bauchi na da Zumunta, ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da take fitowa tun 1939. Wato mutum ya koyi haɗa baƙi yau, gobe ya karanta labarin lardinsu da kansa, ya karanta wa maƙwabta ma su ji. NORLA ba ta yi tsawon rai ba, a 1959 aka rufe ta, amma dabarar nan tata har yau ban ga wadda ta fi ta ba. Yanzu fa? Ka zaga ajin manya da yawa ba za ka sami komai ba sai littafin firamare na yara, dattijo da furfurarsa yana karanta labarin mage da ɓera. Wasu kunya kawai ke hana su dawowa, ba za su faɗa maka ba.

Mu dai abin da ya ɗan riƙe mana mutane shi ne da muka daina kawo darasi daga waje, muka ce kowa ya zo da takardar da ke damunsa. Wallahi za ka sha mamaki. Wannan ya zo da rasit ɗin POS yana so ya san ina ne ke nuna kuɗin sun tafi ina ne ke nuna ba su tafi ba, wancan katin asibitin matarsa, wani kwalin maganin feshi da bai san murfi nawa ake zubawa ba, mai ɗinki yana so ya riƙa rubuta awon mutane da sunayensu maimakon ya riƙe a ka ya zo ya haɗa wandon wani da rigar wani, ɗan adaidaita yana so ya rubuta balas ɗin da yake kai wa mai mashin kullum don kada a yi masa musu ƙarshen wata. Mafi yawa kuma waya ce, a nuna musu yadda za su karanta alat, su gane na gaske da na bogi, su ajiye lamba da suna ba sai sun nemi yaro ba. Daga nan muke ciro haruffa da lambobi. Mutumin da ya iya rubuta sunan mai bashinsa da adadin kuɗin a satin nan, sati mai zuwa ba sai ka aika a kira shi ba.

Wani abu kuma da masu sa kai ke yawan tsallakewa, da yawan ɗaliban nan ba daga sifili suke farowa ba. Akwai wanda ya yi makarantar allo ya sauke, yana rubuta ajami tsaf, hannunsa ya saba da alƙalami, ya san baƙi da wasali. Irin wannan in ka nuna masa cewa fatha da kasra da rufu'a su ne a, i, u a boko, sai dai ana rubutawa daga hagu, nan da nan zai wuce sauran. Kada ka haɗa shi darasi ɗaya da wanda bai taɓa riƙe fensir ba, duka biyun za ka rasa.

Batun mata shi ne mai ɗan sarƙaƙiya, don yawanci su suka fi naci amma su suka fi samun cikas, ga girki ga raino ga izinin maigida. A nan ma muna da abin koyi a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba ta jira matan ƙauye su taso su zo gaba ɗaya ba, jajis ta horar, mata manya masu mutunci a garuruwansu, su zo su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan'uwansu a cikin gidaje, shi ne tsarin 'Yan Taru. Yau ma ajin matan da ya fi ɗorewa shi ne wanda mace ke koyarwa a gidan wata dattijuwa da kowa ya yarda da ita, ko a Islamiyyar matan aure, da hantsi bayan yara sun tafi makaranta. In aka haɗa da ɗinki ko saƙa ko haɗa sabulu da turaren wuta sai abin ya ƙara armashi, amma a kula, na ga inda keken ɗinki ya cinye karatun gaba ɗaya, aka tashi an iya yanka atamfa ba a iya rubuta awo ba. Gara a ce kafin ki hau keke sai kin rubuta awon da hannunki, kuma ki lissafa kuɗin zare da leshi da ribarki a takarda.

Sai maganar hukuma, wadda matasa ba sa son ji, wai za a ɓata musu lokaci. Ku je dai. Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya tun 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, har UNESCO ta yaba mata a 1983, sauran jihohi ma suna da irinta, a tarayya kuma akwai NMEC, hukumar ilimin manya ta ƙasa, da aka kafa a 1990. A sakatariyar ƙaramar hukuma za ku sami jami'in da ke kula da ilimin manya. Ko ba su ba ku sisi ba, yin rajistar aji da su yana sa ɗalibanku su zauna jarrabawa su karɓi takardar shaida, kuma takardar nan ita ce gadar da mutum zai bi ya ci gaba zuwa mataki na gaba, ko ya shiga horon sana'a irin na NDE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, inda za a miƙo masa fom a ce ya cike. Wani lokacin ma akan dace da littattafan manya a wajensu.

Malamai kuwa, kada a yaudari kai da cewa ai don Allah ake yi. E don Allah ne, amma ɗan NCE ɗin da ke zaune ba aiki, in kuɗin mota ma daga aljihunsa zai fita, ranar da ya sami abin yi ya tafi kenan kuma ba ka da bakin yi masa magana. Ko ɗan kuɗin sabulu ne a tara masa, daga ƙungiyar unguwa ko 'yan kasuwar da yaransu ke amfana. Masu bautar ƙasa suna taimakawa sosai ranar aikin al'ummarsu, sai dai shekara ɗaya ce su wuce, wasu kuma ba sa jin Hausa, don haka a haɗa kowanne da ɗan unguwa. Mu yanzu kowane aji mutum biyu muke sa wa, in ɗaya ya yi tafiya ba a rufe ƙofa, kuma da damina muna mayar da na maza bayan isha'i sau biyu a sati, da fitila mai caji da wani mai shagon waya yake ara mana.